Masu Jiran Alkawari: Labarin Isawa da Mutanen Satiru

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Wanda ya ɗauka ba ya hutawa sai ya sauke, wanda aka yi wa kuma ba ya hutawa sai ya ga an sauke a ƙofarsa. In alkawarin mutum da mutum ne, da sauƙi, gama akwai ranar da aka yanka, akwai shaidu, in ta ɓaci kuma akwai alƙali. Amma akwai wani alkawari wanda ba a yanka masa rana, watau wanda mutane suka gaskata Allah ne Ya yi musu. Musulmi da Kirista duk bakinsu ɗaya a kan cewa Allah ba Ya saɓa alkawari. Wuyar tana wajen mai jira. Yaushe abin zai zo? Da wace kama zai zo? In kuwa ya zo, ta yaya za a gane shi? Wannan tambaya ta taɓa tashin gari a ƙasar Hausa, ta kuma taɓa kafa wani.

Littafin da Kirista ke karantawa, wanda su ke kira Littafi Mai Tsarki, kashi biyu ne, ko wane kashi kuwa sunansa alkawari: Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Na fari ya ƙunshi Attaura da Zabura da littattafan annabawan Bani Isra'ila. Na biyu ya ƙunshi Linjila da wasiƙun almajiran Annabi Isa. Wanda ya bi labaran da ke ciki daga farko zai ga abu guda yana ta komowa. A yi alkawari, a daɗe, har masu jira su soma fid da rai, sa'an nan abin ya ɓullo ta inda ba su zata ba.

Bisa ga lissafin littafin, Annabi Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da aka umurce shi ya bar ƙasarsu, aka yi masa alkawarin zuriya mai yawa da ƙasar zama. Ya sami Isma'ila yana da shekara 86. Ishaku kuwa sai da ya cika 100, bayan uwargidansa Saratu ta tsufa tukuf. Ƙasar da aka ce za a ba shi, har ya rasu bai mallaki kome a cikinta ba sai wata gona da ya saya da kuɗinsa, mai kogon dutse, inda ya binne Saratu. Annabi Musa ya fid da Bani Isra'ila daga Masar, suka yi shekara 40 suna yawo cikin jeji, daga ƙarshe ya hango ƙasar daga bisa dutsen Nebo, ya rasu bai taka ta ba. 'Ya'yan waɗanda suka fito su ne suka shiga.

Daga baya kuma, wajen shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarkin Babila ya rushe Birnin Ƙudus, ya kwashe mutanenta bayi. Wani annabinsu, Irmiya, ya riga ya gaya musu bautar za ta kai shekara 70. Da lokaci ya yi, wanda ya buɗe musu ƙofa ba ɗan'uwansu ba ne, ba ma mai bin addininsu ba. Sarkin Farisa ne, Sairus, wanda ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce mai son komawa gida ya koma. Haka nan kuma Linjilar Luka ta ba da labarin wani mutum mai tsoron Allah, Saminu, wanda aka yi wa alkawari ba zai mutu ba sai ya ga Almasihu. Jama'a a lokacin suna zuba ido ga wani sarki mai takobi wanda zai kori Rumawa. Abin da aka miƙa wa Saminu kuwa jinjiri ne ɗan kwana 40, iyayensa talakawa, hadayar da suka iya kawowa tsuntsaye biyu ce. Kirista suka ce nan alkawari ya cika. Yahudawa suka ce da saura, har wa yau kuwa suna jira. Mai karatu ya riƙe wannan rabuwar, gama za ta sake fitowa a ƙasar Zazzau.

To, ƙasar Hausa ma ta san jira. Tun tuni malamai ke karantar da cewa a ƙarshen zamani, in zalunci ya yi yawa, Mahadi zai bayyana ya daidaita duniya, Dujal ya fito da ruɗinsa, sa'an nan Annabi Isa ya sauko ya halaka shi. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗaga tutar jihadi a 1804, mutane da yawa suka ce ai shi ne Mahadi, sai da ya rubuta da hannunsa cewa ba shi ba ne. Amma maganar ba ta kwanta ba. Aka riƙa cewa wata rana jama'a za ta yi ƙaura gabas ta tarye shi. Ko yaushe haraji ya yi nauyi, ko aka yi fari, ko hakimi ya matsa, sai talakawa su soma ƙidayar alamu.

Cikin wannan hali ne, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, aka yi wani malami a Kano ana ce da shi Malam Ibrahim. Yana cikin karatun Alƙur'ani sai hankalinsa ya tsaya a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ɗan Maryamu: yadda aka haife shi ba uba, yadda aka kira shi Kalmar Allah da Ruhu daga gare Shi, yadda ya warkad da makafi da kutare, ya ta da matattu da iznin Allah, yadda kuma aka ɗauke shi sama. Malam Ibrahim ya yi ta juya waɗannan al'amura a zuciya, har ya kai ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Ya soma karantar da haka, ya kuwa sami almajirai. Mutane suka sa musu suna Isawa. Su kuwa suna kiran kansu Bani Isra'ila, ko 'Ya'yan Isra'ila.

Magana ta kai fada. Aka kira shi, aka ce ya janye, ya ƙi. Aka yanke masa hukuncin ridda, aka tsire shi a kasuwar Kano, wajen shekara ta 1867. Zuriyar almajiransa sun ce kafin a kashe shi ya gaya wa mutanensa su watse daga birni, su kuma yi haƙuri, gama Allah zai aiko da waɗanda za su kawo musu cikakken labarin Annabi Isa. Wannan magana ita ce gadon da ya bar musu. Ba littafi ba ne, ba gona ba, alkawari ne kurum wanda ba shi da rana.

Suka watse. Waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, inda tun wajen 1846 wani malami daga Tsakuwa, Malam Hamza, ya gudu da jama'arsa sabo da rikicin kuɗin ƙasa, suka kafa mulkin kansu, suka zama ƙaya ga Kano da Bauchi da Zazzau. Duk wanda sarakuna ke nema, in ya kai Ningi ya sha. Waɗansu kuma suka ɓuya cikin ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau, suna noma, suna karantar da 'ya'yansu a zaure. Cikin almajiran da suka riƙe karatun akwai wani Malam Yahaya, wanda ya yi ta yawo gari gari yana tuna wa mutane abin da aka ce musu su jira. Shi ma ya rasu bai gani ba.

Ya kamata a lura da abu guda a nan. Waɗannan mutane ba su da coci, ba su da mishan a kusa da su. Tufafinsu da karatunsu da zaman gidansu duk irin na malaman Hausa ne. Masanan tarihi da suka bi diddiginsu daga baya, kamar Ian Linden, wanda ya yi bincike a kansu cikin shekarun 1970, sun nuna cewa saiwarsu tana cikin jiran nan na ƙarshen zamani da ya game ƙasar Musulmi duka. Kowa yana jiran saukowar Annabi Isa. Abin da ya bambanta Isawa shi ne sun mai da jiran nan ya zama tsakiyar addininsu.

Ana nan sai shekara ta 1300 ta Hijira ta kama, daidai da ƙarshen 1882. A ƙasar Sudan wani malami, Muhammadu Ahmad, ya riga ya ce shi ne Mahadi, a 1885 kuwa ya ci birnin Hartum. Labari ya iso ƙasar Hausa ta bakin alhazai. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a daga ƙasar Adamawa. Ba a jima ba kuma sai ga Turawa. Suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ɗauki hanyar gabas, dubban talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi, suna cewa ƙaurar da aka faɗa ce ta zo. Aka tare su a Burmi, aka kashe shi ran 27 ga Yuli 1903. Ga mai ƙidayar alamu, ba sauran shakka. Nasara sun ci ƙasa, me ya rage in ba Mahadi da Annabi Isa ba?

Amsar da ta fi zafi daga yamma ta fito, daga ƙasar da Gulbin Rima ke ratsawa. Kudu da Sakkwato, kamar tafiyar mil 14, akwai wani ƙauye ana ce da shi Satiru, mazaunin malamai matalauta da bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu. A 1904 mai garin, Malam Maikaho, ya ce shi ne Mahadi. Aka kama shi aka kai Sakkwato, ya mutu a kurkuku. Ɗansa, mai suna Isa, ya gaje shi. Sunan nan kaɗai ya isa ya sa zukata su motsa: uba Mahadi, ɗa kuwa Isa.

Can ƙetaren iyaka kuma, a ƙasar Zabarma da ke hannun Faransa, wani malami makaho, Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makafo, ya ta da jama'a a Kobkitanda, kusa da Dosso, a ƙarshen 1905. Faransawa da mayaƙan Zarmakoyin Dosso suka fasa su a watan Janairu na 1906. Ɗan Makafo ya tsere gabas, ya faɗo Satiru.

Tsakanin Dosso da Satiru kuwa ga fadamar Kabi shimfiɗe, inda Argungu da Gulma da Birnin Kebbi su ke. Mai karatu zai so ya san abin da ya sa wutar ta tsallake Kabawa ba ta kama su ba. Dalilin yana cikin tarihinsu. Su ma sun yi nasu jiran, amma na ƙasa ne. An ci Birnin Kebbi a 1805, an kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekara 18 a hannun Sakkwato kafin ya komo ya ta da tutar Kabi a 1849. Daga nan har shekara hamsin Argungu da Gulma da 'yan'uwansu garuruwa masu ganuwa suna tsaye, yau yaƙi gobe sulhu, tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. Sabo da haka da Turawa suka zo, Sarkin Kabi Sama'ila, wanda a ke kira Sama, ya karɓe su hannu biyu, har suka kafa sansani a Argungu a 1902. Abin da mutumin Satiru ya gani alamar tashin duniya, Bakabe ya gan shi ƙarshen yaƙin kakanni. Sama bai ba Satirawa hannu ba. A Gwandu kuwa al'amarin dabam ne, gama bayan an gama rikicin Turawa sun tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru bisa zargin zuciyarsa tana tare da su.

Da Ɗan Makafo ya haɗu da Malam Isa sai magana ta ƙara ƙarfi, aka ce lokaci ya yi, Isan da a ke jira ga shi nan a Satiru. Suka soma taɓa ƙauyukan maƙwabta da suka ƙi bin su. Ran 14 ga Fabrairu 1906 mai riƙon Razdan na Sakkwato, Hillary, ya fita da sojan doki don ya kamo shugabannin. Ya wuce gaba don ya yi magana da su, sai Satirawa suka auko da gatura da fartanya da baka. Dawaki suka firgita, sahu ya watse. Kafin a jima an kashe Turawa 3, da Hillary a ciki, da soja 25, an kuma ƙwace babbar bindiga mai ruwa. Tun da Turawa suka ci ƙasar ba a taɓa yi musu irin wannan ba. Ga Satirawa kuwa, ina wata shaida da ta wuce wannan? Fartanya ta kori bindiga.

Amma Malam Isa ya sami rauni a wannan karon, bayan kwana kaɗan ya mutu. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu da manyan Sakkwato suka tsaya bayan Turawa, gama su ma ba su ga abin da zai rage musu ba in talakawa da bayi suka yi rinjaye. Gwamna Lugga ya turo soja daga Zungeru da Lakwaja da sauran wurare. Ran 10 ga Maris aka auka wa Satiru. Mutanen suka yi ta rugowa kan bindigogi, ana zub da su. An ƙiyasta waɗanda aka kashe sun kai 2,000. Aka kwashe mata da yara, aka ƙone garin, aka kama Ɗan Makafo aka yi masa shari'a a Sakkwato aka kashe shi, Sarkin Musulmi kuma ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Ko cikin Turawan kansu akwai waɗanda kisan ya tayar wa hankali. Daga nasarar Satirawa zuwa halakarsu kwana 24 ne.

Duk wannan abin da a ke yi, Isawa suna can ƙauyukansu na gabas ba su ɗaga ko sanda ba. Su ba a ce musu su yi yaƙi ba, cewa aka yi su jira mai kawo labari. Abin mamaki kuwa, mai labarin ya riga ya iso, yana zaune cikin birnin Zariya, su ba su sani ba, shi ma bai san da su ba.

Sunansa Walter Miller, Hausawa suna ce masa Likita Mila. Baturen Ingila ne, an haife shi a 1872, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta C.M.S. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus, wajen fatake da alhazai. A 1900 ya biyo wani babban limaminsu, Tugwell, su biyar, suka taka har Kano. Sarkin Kano Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya, ɗayansu ya mutu a can, sauran suka janye. Mila ya sake komowa, a 1905 kuwa, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya sami wurin zama cikin birni, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Ya iya Hausa ƙwarai, har ana cewa in yana magana a bayan zana ba a gane Bature ne. Amma shekara ta bi shekara, waɗanda suka karɓi addininsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Shi ma, a nasa wajen, mai jiran alkawari ne wanda ya soma gajiya.

A 1913 sai ga waɗansu mutum biyu daga ƙauye sun yi sallama a ƙofarsa. Suka ce su 'Ya'yan Isra'ila ne, iyayensu sun bar musu wasiyya cewa za a zo musu da labarin Annabi Isa, sun kuwa ji an ce akwai mai irin wannan karatu a nan. Aka zauna, aka buɗe Linjila da Hausa, aka karanta musu. Suka koma suka gaya wa 'yan'uwansu. Mila da mutanensa suka bi su har ƙauyukansu, suka tarad da jama'a masu karatu, masu tambaya, waɗanda ba sai an fara musu daga farko ba. Daga kisan Malam Ibrahim zuwa ran nan an haura shekara 40. Waɗanda aka yi wa maganar da kunnensu galibi sun mutu, 'ya'ya da jikoki ne suka zo karɓa.

A nan ne rabuwar nan ta sake fitowa. Waɗansu suka ce wannan shi ne abin da aka faɗa, suka karɓi baftisma. Waɗansu suka saurara, suka girgiza kai. Ba kuwa za a ce ba su da hujja ba. Mai kawo labarin ɗan'uwan waɗanda suka ci ƙasa ne, masu karɓar haraji, waɗanda suka ƙone Satiru shekara 7 da suka wuce. Cikin abin da ya kawo kuma akwai maganar da kunnen wanda ya tashi da Alƙur'ani ba ya ɗauka da sauƙi, watau cewa Isa Ɗan Allah ne, an kuma gicciye shi ya mutu kafin ya tashi. Su Isan da suka sani Ruhun Allah ne wanda aka ɗauke sama da ransa. Suka ce a bar su da abin da iyaye suka bar musu.

Waɗanda suka karɓa suna warwatse cikin ƙauyuka dabam dabam, ga tsangwamar maƙwabta. Sai aka yi shawara a tara su wuri guda. Aka samo musu fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, suka taru sun fi mutum 100. Wanda ya zauna da su wani limamin Kirista ne baƙar fata, W. A. Thompson, daga tsibiran da a ke kira Indiya ta Yamma, can kusa da Amurka, jikan bayin da aka kwasa daga Afirka. Suka gina ɗakin sujada da makaranta, suka sari gonaki. Ana danganta farkon sana'ar matse rake a dafa mazarƙwaila a wannan yanki da mutanen nan, gama sana'ar ƙasar su Thompson ce. Labarin Gimi ya kai Ingila, aka yi ta buga shi cikin jaridun mishan, ana cewa ga ƙauyen Hausawa Kirista na fari.

Ashe wurin da aka zaɓa yana da mugun maƙwabci. A kurmin bakin rafi akwai ƙudan tsando, mai ɗauke da ciwon barci. Ciwon kuwa ba ya gaggawa. Ya kan fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, mutum ya yi wata da watanni yana ramewa, hankalinsa ya rikice, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ko da lomar tuwo a hannunsa, har ya kwanta ba tashi. A lokacin babu wani magani mai kyau a kusa. Aka soma binne mutane ɗaya bayan ɗaya, manya da yara. Masu cewa dā ma ba wannan ne alkawarin ba suka sami abin faɗa. Kafin shekara ta 1920 ta kewayo Gimi ta ɗaiɗaice, aka kwashe waɗanda suka rage, da marayu da yawa, aka kai su Zariya. Mutanen da suka jira shekara 40 da ɗoriya ba su ci moriyar garinsu ba ko shekara 10.

In da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce Gimi da Satiru ba su da bambanci sai na irin mutuwa. Amma marayun nan sun shiga makarantar Mila. A 1929 aka fid da mishan daga cikin birni, aka ba su fili a gindin dutsen Wusasa, yamma da Zariya. Nan suka gina coci da tubalin ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, da asibiti, da makaranta. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, Tsohon Alkawari da Sabo, aikin da Mila ya fi kowa ɗawainiya a kansa tare da malaman Hausa da waɗansu 'yan mishan. Cikakken labarin da aka ce za a kawo ya zama abin da mutum zai saya ya sa a aljihun riga, shekara 65 bayan an tsire Malam Ibrahim.

Wusasa ƙaramin wuri ne, amma da aka soma neman 'yan Arewa masu ilmin zamani sai aka ga da yawa daga can suka fito. Likita R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na fari da ya zama likita, ɗan makarantar mishan ɗin nan ne. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, mutumin Wusasa ne. Janar Yakubu Gowon ma a can ya tashi, ko da ya ke iyayensa daga ƙasar Angas suka zo. Daga zuriyar Isawa kansu kuwa aka sami Ishaya Audu, ɗan Malam Bulus Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927. Anchau ɗin nan ita ce inda daga baya Gwamnati ta yi babban aikin yaƙi da ciwon barci, aka sare kurmin bakin rafuka, aka ta da ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ishaya Audu ya yi karatun likita a Ingila, ya ƙware kan ciwon yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shi ne ɗan ƙasa na fari da ya riƙe ta. Ya zama Ministan Harkokin Waje a 1979, ya rasu a 2005. Mila bai ga wannan ba, gama ya rasu a 1952, aka binne shi a ƙasar Jos.

Kirista na Wusasa suna ba da wannan labari a matsayin shaida cewa maganar Malam Ibrahim ba ta faɗi ƙasa banza ba. Malaman Musulmi kuwa suna ganin malami ne da ya zarce iyaka cikin fassara, almajiransa suka ɓata a bayansa. Waɗancan da suka girgiza kai a 1913 kuma ba su ƙare ba. Har yanzu akwai zuriyarsu cikin ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Bauchi da Zazzau, suna noma, suna aurayya a junansu. Ba su shiga coci ba, maƙwabtansu kuma ba su daina kiransu Isawa ba.